Zan je Bankok sarin kaya, a ina zan sauka kuma me zan ci?

Wata Hajiya daga Kano ta aiko: "Assalamu alaikum. Ina sayar da dogayen riguna da jakunkuna da takalman mata, kullum Dubai nake zuwa, yanzu ƙawaye sun ce in gwada Bankok ta ƙasar Tailan. Na ga otal masu arha kusa da filin jirgi, in kama can ko in shiga cikin gari? Kuma ya maganar abinci?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki kama otal kusa da filin jirgi don Allah, arhar nan tarko ce. Filin Suvarnabhumi yana wajen gari kusan kilomita 30, kuma gosulon Bankok ba wasa ba ne, abin da kika rage a kuɗin ɗaki sai tasi ta cinye shi har da lokacinki. Ki nemi masauki a unguwar Pratunam, nan ne cibiyar sarin tufafi, ga kasuwar kanta ga Platinum Fashion Mall a tsallaken titi, da ƙafa za ki je ki dawo ki ajiye kaya ki sake fita. Daga filin jirgi akwai jirgin ƙasa da zai sauke ki tashar Ratchaprarop, amma in akwatunanki da nauyi gara tasi.

A Pratunam ɗin in kin ɗauki guda uku zuwa sama ake ba ki farashin sari, yawancin shaguna kuma ba sa bari a gwada kaya. Nan nake so ki buɗe ido sosai, rigar da suka rubuta wa "free size" jikin matansu aka auna, su kuwa ƙanana ne, sai ki kwaso dozin ki dawo gida ba mai iya sawa. Ki tafi da tef ɗin awo a jaka, ki auna ƙirji da tsayi kafin ki biya, takalmi ma ki tambayi manyan lambobi tun farko. In Asabar ko Lahadi ta same ki a garin ki leƙa kasuwar Chatuchak da sassafe kafin rana ta buɗe.

Abinci kuwa, gaskiya suna amfani da naman alade da yawa har a romo, kada ki ga shinkafa da kaza a bakin titi ki ce shikenan. Ki duba tambarin halal kore. Layin Phetchaburi Soi 7 wajen masallacin Darul Aman akwai Musulmi masu sayar da abinci kuma ba nisa da Pratunam, haka Sukhumvit Soi 3 inda gidajen abincin Larabawa suke. Biza dole ce ga ɗan Najeriya, ki kuma riƙe katin rigakafin shawara.

Wani matashi daga Damagaram kuma ya ce: "Yawon buɗe ido zan je, a ina zan yi canji, kuma keken nan nasu tuk-tuk ya fi tasi arha?"

Ɗan'uwa ka tafi da dala, 'yan ɗari-ɗari sababbi marasa yaga, sun fi ƙanana farashi. Ka canza kaɗan a filin jirgi, sauran ka bari sai cikin gari wajen shagunan canji irin su SuperRich, da fasfo a hannunka. Tuk-tuk ba ya da mita, baƙo yakan biya fiye da tasi, ita tasi ka ce a kunna mita daga bat 35 na kuɗinsu take farawa, ko ka yi amfani da manhajar kiran mota ta Grab. Duk wanda ya tare ka ya ce fadar sarki a rufe take yau zo in kai ka wani wuri, ƙarya ce, shagon duwatsun ado zai kai ka. Lokaci mafi daɗi Nuwamba zuwa Fabrairu, Afrilu zafi ne kuma daga 13 zuwa 15 bikin Songkran suke, kowa ana watsa masa ruwa a titi.

Ku biyun duka, kar ku karɓi saƙon kowa a ce ku kai wa wani, ko da ɗan garinku ne, dokar ƙwaya a Tailan da tsanani take. Sigarin lantarki ma haramun ne shiga da shi.