Ana iya yawon shaƙatawa a tsohon jirgin ruwa mai tafiya da iska?

Malam, ka tambaya ko irin jiragen nan na da suna ɗaukar matafiya har yanzu, ko sai kallo. Akwai iri biyu. Cutty Sark, wanda aka ƙera a 1869 don dakon ganyen shayi daga Sin, yana girke a Landan, kallo kawai. Amma Statsraad Lehmkuhl na birnin Bergen a Norway, ƙirar 1914, yana fita teku kuma yana karɓar wanda bai taɓa hawa ba.

Sai dai kada ka sa ran hutun otal. Ana raba mutane rukuni uku, kowane rukuni ya yi aikin awa 4 ya huta awa 8, dare da rana. Za ka ja igiya, ka riƙe sitiyari, ka tsaya gadi a goshin jirgi, barci kuma a gadon lilo na tamfol. Hawa sama wajen naɗe filafilai, wato manyan ƙyallayen da iska ke turawa, ba dole ba ne, mai hawa kuwa sai da ɗamarar tsaro.

Abin da ya fi kayar da sabon shiga jiri ne da amai, saboda ido na ganin ɗaki a tsaye, kunnen ciki na jin tangaɗi. Sha magani kafin a tashi, in amai ya fara ƙwayar ba ta zama. Fito sarari ka kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa. Kada ka naɗe igiya a hannu, iska na fizgar ta ba sallama. Ka riƙe rigar ruwa da kayan ulu, domin auduga in ta jiƙe sanyi take ƙarawa.