Dashen haƙorina yana fitar da mugunya, amma ba ya ciwo

Tambaya: Likita, shekara 2 ke nan da aka dasa mini haƙori a muƙamuƙin ƙasa a Yawunde. Yanzu dasashin wajen yana jini in na yi asuwaki, wani lokaci har da mugunya da wari, kwanan nan kuma na ji yana ɗan motsi. Ba ya mini ciwo. Na sha amoksisilin ya lafa, sai ya dawo. Daga wani ɗan kasuwa a Garwa.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Rashin ciwon nan shi ne ya fi damuna. Ƙusar da aka dasa maka ta ƙarfen titaniyom ce, ba ta da jijiya irin ta haƙorin da Allah ya halitta, don haka ƙashi yana iya zagwanyewa a kewayenta mutum bai sani ba.

Yadda abin yake, bayan dashe ƙashi yakan kama ƙusar cikin wata 3 zuwa 6. Daga baya in datti ya taru a gindinta, ƙwayoyin cuta sukan fara kumbura dasashi. A nan wankewa a asibiti da tsafta sun isa. In aka yi sakaci sai cutar ta gangara ta fara cin ƙashi, kuma mugunya tana nuna wataƙila an kai nan. Ƙwayar maganin kemis irin amoksisilin ɗin da ka sha tana kwantar da kumburi ne kawai, ba ta kankare dattin da ya manne a jikin ƙarfe, ba ta kuma maido da ƙashin da ya tafi.

Motsin kuwa iri biyu ne. In hular haƙorin ce ko ɗan notin da ke riƙe ta ya kwance, ɗaurewa za a yi. In ƙusar ce da kanta take girgiɗi, ƙashi ya sake ta, sai dai a cire, wajen ya warke, a duba yiwuwar sake dasawa, wani lokaci bayan an yi cikon ƙashi. Hoton muƙamuƙi da duban likitan haƙori ne za su bambance, to ka je cikin makon nan, da takardun aikin farko a hannunka.

Kana shan sigari? Kana da ciwon suga? Su biyun nan suna hana waje warkewa, ka sa a auna sukarinka. Kafin ka je, kada ka tauna goro ta wannan ɓangaren, ka daina sakace shi da tsinke, ka riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri. In fuska ta kumbura, zazzaɓi ya zo, ko haɗiya ta yi wuya, a tafi asibiti ranar, ko da dare ne.