Tambaya da Amsa: Firaima kaɗai za ta isa kafin fentin mota?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gyaran tsohuwar Toyota Starlet a gida. Na cike lanƙwasa da mastik, wato ƙullin cike ramukan jikin mota, na goge. Wani mai fenti ya ce sai na sayi fentin rufewa daban kafin in fesa launi, wani kuma ya ce firaimar da ke hannuna, wato fentin shimfiɗa na farko, ta isa. Wanne zan bi? Daga wani mai karatu, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sai an ga gwangwanin da ke hannunka kafin a san wanda ya yi gaskiya a cikinsu.

Aikin shafin fentin rufewa shi ne ya raba abin da ke ƙasa da sabon launi: tsohon fenti, mastik da ƙarfe duk su koma fuska ɗaya, kada wani wuri ya fi wani shan fenti. Firaima mai toka ɗin nan mai araha, wadda ake sirkawa da tina (ruwan tsinka fenti) kawai, ba ta iya wannan. Tinar da ke cikin launi tana sake jiƙa ta, sai ta kumbura, in ta bushe ta tsuke. Shi ya sa bayan ƴan makonni za ka ga zoben mastik da sawun sanfefa sun fito a jikin mota. Firaima mai kauri da ake kira 2K, wadda ake haɗawa da hadina (ruwan da ke taurar da ita), kashi 4 nata da kashi 1 na hadina, aikinta cike ƙananan ramuka ne, kuma tana shan ruwa. Kada a maishe ta shafin rufewa sai in takardar gwangwanin ta yarda.

Firaimar da ke yin aiki biyu, na firaima da na rufewa, ita ce ta epoxy. Haɗa ta da hadinarta yadda aka rubuta, domin wata 1 da 1 ce, wata 4 da 1. Wasu nau'o'inta suna son a bar su minti 15 zuwa 30 bayan haɗawa. Sannan ƙara tinarta kashi 10 zuwa 20 cikin 100 don ta kwanta sumul, ka tace.

Kafin nan ka gama guga da sanfefa lamba 400, ko 600 in launin mai ƙyalli ne, domin shafin rufewa siriri ne, ba ya ɓoye karce. Share jiki da ruwan cire maiƙo. Ban da fetur, don Allah, balle na kwalba da ke bakin hanya: maiƙo yake bari, fenti ya yi ta buɗe ƙananan idanu. Sa wa bindigar feshi baki mai milimita 1.3 ko 1.4, ƙarfin iska kamar bar 2 a ma'auni, tazara santimita 15 zuwa 20. Shafi ɗaya mai ɗanshi ya wadatar. Jira minti 30 zuwa awa ɗaya, ka ɗora launi ba tare da guga ba. In ka wuce wa'adin ɗora launi da aka rubuta a kan gwangwani, epoxy ta riga ta taurare, launi ba zai kama ba sai ka karce ta da 600.

Tsohon fentin ma gwada shi: jiƙa tsumma da tina, ɗora a kai minti ɗaya. In ya yi laushi, kankare shi, in ba haka ba zai yamutse ƙarƙashin sabon.

Zafin Afrilu da Mayu yana busar da feshi tun kafin ya sauka, jiki ya yi tsakuwa-tsakuwa. Fesa da sassafe, da tina mai jinkirin bushewa. Da hunturu kuwa ƙura ce matsala, sai a yayyafa wa ƙasa ruwa a kewaye wurin da leda. Zubar da ruwan tankin kwamfiresa kafin farawa. Hadina guba ce ga huhu, rawani ko ƙyallen hanci ba sa tare ta, sai takunkumi mai matatar gawayi.

Tambaya: Wane launin firaima ya dace da jar mota? Daga Tibiri.

Amsa: Fara ko toka mai haske. Ja da rawaya ba sa rufe ƙasa sosai, in ka sa mai duhu jan zai dushe, kuma za ka ƙarar da fenti mai yawa kafin ya rufe.