Yaya, gidan na bashi ne, amma tsaya ka ji

Yaya, bayan gaisuwa da fatan su Hajiya Babba da yara duk suna lafiya. Saƙon muryarka na ranar Juma'a sau uku na saurare shi. Ka lulluɓe maganar da wasa, amma tambayoyin a fili suke: wai da gaske ne gidan da nake ciki a Kolambas ta Amurka na banki ne, wai kuɗin ruwa muke biya, kuma in Allah ya karɓi raina gobe da wannan kaya a wuya, wa zai sauke? Akwai wadda ba ka furta ba, a dariyarka na tsince ta: anya mutanen nan har yanzu Hausawa ne? Na ga gara in amsa a bainar jama'a, tunda duk wanda ya je gida daga nan sai an tare shi da ita, ko a wajen ɗaurin aure ko a majalisa.

E, bashi ne. A nan mogeji ake ce masa, kuma mafi yawan masu sayen gida a Amurka ta wannan hanyar suke bi, har likitoci. Ka ba da wani abu a hannu, a biya maka sauran, kai kuma ka riƙa zubawa wata-wata, galibi shekara 30. Gidan ne jingina. In ka daina biya, a karɓe.

Ka tuna Baba, Allah ya jiƙansa, a zaure bayan la'asar, yana cewa duk arzikinsa a duniya shi ne yakan kwanta ba wanda ke bin sa ko sisi? Da wannan na sauka ƙasar nan a 1998. Komai da kuɗi a hannu nake saye, har tsohuwar motata. Ranar da na fara zuwa tambayar maganar gida, matar ta danna kwamfuta, ta ɗago ta ce ba su san ni ba. Na ce shekarata takwas a garin nan, ban taɓa cin bashin kowa ba. Ta ce ai matsalar ke nan. Kowa a nan yana da maki na amana, daga 300 zuwa 850, kuma da cin bashi da biya a kan lokaci ake tara shi. Na fito raina a ɓace, sai a mota na tuna Kantin Kwari: ai ba a sakar wa yaro dila sai an gwada shi da turmi biyar an ga ya kawo kuɗi. Ashe bashi hanji ne har a ƙasar Bature. Sai na karɓi katin bashi, ina shan mai da shi, ina biya tas kafin wata ya ƙare don kada ruwa ya hau kai. Shekara biyu ina wannan wasan kafin a fara yi mini kallon mutum.

Maganar riba kuwa, kada ka zaci ku kuka fara tuna mana. Babu abin da ya fi ta raba kan jama'armu. Na ga abokai biyu, ɗaya ɗan Maraɗi ɗaya ɗan zangon Kumasi, sun yi wata guda ba sa gaisawa a kanta, bayan wata muhawara da aka yi a harabar masallaci an idar da asham. Akwai masu cewa su da sayen gida har abada, haya za su yi har su koma. Akwai masu kafa hujja da fatawar da Majalisar Fatawa ta Turai ta bayar a 1999, lokacin marigayi Sheikh Yusuf Alƙardawi yana shugabanta, cewa Musulmin da ke zaune a waɗannan ƙasashe, in ba shi da gidan kansa kuma babu wata hanya ta halal, yana iya karɓar bashin banki saboda larura. Malamai da yawa ba su yarda da ita ba, har gobe. Sai kuma mu na tsakiya, da muka bi kamfanonin da ke yi bisa tsarin Musulunci. Nawa musharaka ne: ni da kamfanin muka sayi gidan tare, kowa da kasonsa. Duk wata ina sayen wani yanki na kasonsu, ina kuma biyan su ladan zama a ɓangaren da bai zama nawa ba tukuna. Na san abin da za ka ce, an sauya wa tuwo suna. Wallahi ni ma na faɗa, domin in ka ɗora takardata a kan ta maƙwabcina mai bashin banki, abin da muke biya kusan ɗaya ne. Amma malaman da suka duba yarjejeniyar suka sa hannu sun fi ni sani, kuma ciniki da riba ai tun asali kama suke yi wa wanda ya hango daga nesa. A nan na tsaya, ina roƙon Allah gafara in akwai kuskure. Ban ce wanda ya ƙi ya yi wauta ba.

Abin da ya karya mini taurin kai lissafi ne. Shekara goma sha ɗaya muna haya a bene, ɗaki biyu, mu shida. Wata rana uwargida ta zauna da biro ta tara abin da muka ba mai gida, ya haura dala dubu 80, ko ƙusa ba mu da ita a ginin. Ga matar ƙasanmu da ke buga silin da tsintsiya duk sanda aka daka yaji. Sau biyu ana manna mana takarda a ƙofa saboda warin daddawa.

Sai 2008 ta zo, kasuwar gidaje ta rushe. Bankuna sun yi ta ba mutane bashin da ba za su iya biya ba, irin wanda ruwansa ke farawa ƙasa sannan ya yi tsalle, aka yi ta ƙwace gidaje, farashi ya faɗi. Don a tayar da kasuwar, gwamnati ta fito da rangwamen haraji ga mai sayen gidan farko. Na 2008 dala 7,500 ne, amma shi rance ne, ana mayarwa cikin shekara 15. A 2009, zamanin Obama, aka mai da shi har dala 8,000, kuma ba a mayarwa muddin ka zauna a gidan shekara uku. A nan muka shiga. Gidan dala dubu 140, aka ce mu kawo kashi goma.

Kuɗin nan, Yaya, daga adashi suka fito. E, muna adashi a Ohayo, mu goma sha biyu, kuma uwar adashinmu wata Hajiya ce 'yar Damagaram da ba a yi mata wasa da ranar zubi. Na kwashi nawa na kai banki a ambulan ina murna. Da aka zo duba takardu sai aka ce daga ina wannan kuɗin? Su dole su ga bayanin asusunka na wata biyu, kuma duk wani kuɗi mai kauri da ya faɗo sai ka nuna tushensa. Ka yi tunanin ina tsaye ina yi wa Bature bayanin adashi. Ya ce ina yarjejeniyar da kuka sa wa hannu? Na ce babu, amana ce. Ya ce in wani ya gudu fa? Na ce ina zai je, matarsa da tawa tare suke kitso. Bai yi dariya ba. Gidan farko da muka so ya kuɓuce, sai da kuɗin suka yi wata biyu a asusu muka sake nema. Yanzu duk yaron da ya zo da maganar sayen gida, abin da nake fara gaya masa ke nan: ka sa kuɗinka a banki tun da wuri.

Ba zan ɓoye maka ɗacinsa ba. A farashin wancan lokacin, in mutum ya bi shekara 30 ɗin nan daki-daki, sai ya biya kusan ninki biyu na abin da aka ba shi. Shekarun farko kuwa kusan duk abin da kake zubawa ribarsu ce, uwar kuɗin da ƙyar take motsi. Ko ka gama biya, harajin gida na nan duk shekara, in ka ƙi a sa gidan a kasuwa. Ga inshora dole. Da ka ce gidan katako da kwali ne, ban musa ba, in ka buga bangon sai ka ji kamar ganga. Amma kai ma, Yaya, shekara nawa ana yankar kashi 2.5 na albashinka ana zubawa a asusun gidaje na ƙasa da aka kafa tun 1992? Rancen da ake bayarwa a can ai da ruwa yake, kashi 6. Ban taɓa jin an tsare ka a majalisa a kan haka ba.

Akwai kuma abin da muke kira juya bashi. In farashin rance ya sauka, sai ka karɓi sabo mai sauƙi ka biya tsohon. Daga tsakiyar 2020 zuwa farkon 2021 ruwan bashin shekara 30 ya sauka ƙasa da kashi 3, abin da ba a taɓa gani ba, kamfanonin Musulunci ma suka sauke nasu. Kowa ya ruga. Ni na juya nawa zuwa shekara 15, bayan na biya kuɗin takardu da suka ci 'yan dubbai. Inda ake zamewa shi ne, in gidanka ya yi daraja, za su ce ka karɓi fiye da abin da ake bin ka, a ba ka rarar a hannu. Wani ɗan uwanmu a nan ya yi haka, ya tura gida a gina masa, don ya gaji da gorin cewa ba shi da ko bulo a garinsu. Yau shekara huɗu, ginin na linta, bashin Amurka kuwa ya dawo sabo fil. Ku ne ke cewa mu yi gini a gida, kuma kun yi gaskiya. Amma ku riƙa faɗa wa masu karɓar kuɗin cewa dalar nan ba a bishiya ake tsinko ta ba. Uwargida tsofaffi take ɗagawa tana yi musu wanka tun asuba, ni kuma gwiwata ta tafi a ma'ajiyar kaya.

Da korona ta zo a 2020, masu tasi da masu aikin otal a cikinmu suka zauna ba aiki. Dokar da aka yi a watan Maris na shekarar ta ba masu bashin da gwamnati ta tsaya wa damar dakatar da biya na kwana 180, a kuma ƙara wasu 180. Wasu suka ɗauka yafewa aka yi, har da sayen mota. Jinkiri ne kawai, yawanci an tura kuɗin can ƙarshe. Wanda ruwa ya ci gaba ɗaya kuma yana iya zuwa kotu ya ce ya karye, alƙali ya tsara masa biya cikin shekara uku zuwa biyar, gidansa ya tsira, tabon ya bi sunansa shekara bakwai. Bature yana yin wannan ya fito yana fito da baki. Namu kuwa gara ya yi aiki biyu ya daina barci da a ji. Mutum ɗaya na san ya je, shi ma sai bayan an gama muka sani, kuma da muka sani fushi muka yi da bai faɗa ba, domin da an yi masa karo-karo.

Tambayarka ta mutuwa ita ta hana ni barci. Mu ma in an ajiye gawa liman yakan tambaya ko akwai mai bin mamaci bashi, kamar yadda ake yi a ƙofar gidanmu. Na je na tambayi malaminmu, na kuma tambayi lauya. Gidan yanzu ya fi abin da ya rage a kaina nesa ba kusa ba. In na riga ku, ko iyali su ci gaba da biya, ko a sayar a sallami kamfanin a raba saura. Na rubuta wasiyya a raba bisa shari'a, domin in ba ka rubuta ba dokar jiha ce za ta raba, ita kuwa ba ruwanta da namiji kaso biyu.

Sai maganar da kowa ke yi a bayan idona, ta auren babbar 'yata. E, baƙar fatar Amurka ta aura. Kakansa ya musulunta tun zamanin Imam Warisuddin Muhammad, jagoran Musulmi baƙar fata na nan, wato Musulunci ya kai jika a gidansu, kuma yaron ya fi ni kiyaye sahun asuba. A gidan nan na bashi aka yi komai, a ɗakin ƙasa: kamu, sa lalle, buɗar kai, mata sun fi sittin, aka yi waina da miyan taushe, wata gwaggo daga zangon Nima ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. A bene na haya da 'yan sanda za a kira mana. A wannan ɗakin ne ake karatun allo ranar Asabar, a nan baƙon da ya sauka ba shi da kowa yake yin wata uku kafin ya san gari. Zaurenmu ke nan, sai dai a ƙarƙashin ƙasa yake. Hausar 'ya'yana tana da gargada, na yarda, autar ma "ina wuni" take ce wa mutum da sassafe. Amma ba wanda zai miƙa maka abu da hagu, ko ya kira sunan yayansa gatsau.

Ga wadda za ta ba ka dariya, gara ka ji daga bakina. Ita da mijin a ɗakin ƙasan nan suke zaune yanzu. Ruwan bashin gida ya kusa kashi 8 a ƙarshen 2023, farashin gidaje ya yi sama, yara masu digiri sun kasa saye. Suruki a gidan surukai! Na san Inna da tana raye da ta riƙe baki. Wata na farko ni ne ke sanɗa a gidana don kada mu haɗu a kicin. Shi kuwa ko a jikinsa, sai ya durƙusa har ƙasa ya ce "Baba, ina kwana", ya ɗauki shebur ya tafi kwashe ƙanƙarar ƙofar gida. Suna tara kuɗin hannu, an kuma sa su a adashi.

Nawa biyan zai ƙare a 2036, in da rai. Kafin nan, don Allah Yaya ka leƙa mini ginina na bayan gari ka ga ko an rufa. Wanda na tura wa kuɗin kwano tun kafin azumi ya daina ɗaga wayata, hoton da ya turo kuma da taga uku na gani, ni kuwa biyu na san mun yi.