Yadda Ake Sayar wa Mujalla da Maƙala

Wani ɗan kasuwa mai shagon turare a Shari Mansur da ke Makka ya aiko da tambaya. Ya ce yana rubutu da Larabci da Hausa, ya kuma sha aika wa mujallu maƙalu kan falalar aikin Hajji ba tare da an amsa masa ba, don haka yana so ya san ko akwai kuɗi a wannan sana'a.

Alhaji, akwai kuɗi, amma ba wanda za ka rufe shago dominsa ba, domin yakan zo jefi-jefi, kuma galibi sai bayan an buga rubutun.

Abin da ya sa aka yi maka shiru, a ganina, shi ne ka kai haja kasuwar da ta riga ta cika. Editocin Saudiyya ba su rasa malamai masu rubuta falalar Hajji ba. Wanda suka rasa shi ne mutumin da zai zauna da dattawan unguwarsu ya ji daga bakinsu yadda kakanninmu suka taka daga ƙasar Hausa suka bi ta Chadi da Sudan, suna tsayawa su yi noma shekara da shekaru don neman guzuri, kafin su tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda, ko kuma yadda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa garin Mai Wurno a Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903. Har humra da turaren wuta da kake sayarwa labari ne mai kyau, kuma kai ka san hanyar da suke bi zuwa hannun mai saye.

Kada ka rubuta maƙala gaba ɗaya kafin ka sami mai so. Ka fara karanta fitowa da dama na mujallar da ka nufa, domin Al-Qafilah, wadda kamfanin Aramco yake bugawa tun 1953, da Al-Faisal ta Riyad, wadda ta fara fitowa a 1977, kowace da irin abin da take ɗauka. Sannan ka aika wa edita gajeriyar wasiƙa ta imel, ka faɗi labarin a layi kaɗan, da waɗanda za ka zanta da su, da tsawon rubutun, da ranar da za ka miƙa shi, da ko kana da hotuna.

Idan ya amince, ka nemi ya rubuta maka riyal nawa ne, yaushe za a biya, kuma ko za ka iya sake buga maƙalar da Hausa a wani wuri, domin wannan haƙƙi yana da daraja kuma bai kamata ka sallama shi kyauta ba. Idan kuwa da iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi, kake zaune, ka tabbatar dokar aiki ta yarje maka karɓar ladan wani aiki daban kafin ka sa hannu a kowace yarjejeniya.