Zafin bazara ne ke kawo sanƙarau?

Tambaya: Na ji an ce masana kan yi hasashen ɓarkewar sanƙarau ta hanyar duba zafin gari. Ashe zafi ne ke kawo cutar? Yaya suke wannan lissafi? Daga wata malamar makaranta a Katsina.

Amsa: Malama, ƙwayar cuta ce ke kawo sanƙarau, kuma mutane da yawa na ɗauke da ita a maƙogwaro suna yawonsu lafiya lau. Abin da masana ke gani shi ne, zafi da ƙura da bushewar iska kan raunata cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta samu ƙofar shiga jini.

A wajen lissafi, mukan ɗauko rajistar asibitoci ta shekaru, mu ƙirga masu cutar mako-mako, mu jera su kusa da bayanan tashar yanayi. Ba ma haɗa zafin yau da marasa lafiyar yau, domin ƙwayar kan yi kwana 2 zuwa 10 kafin ta bayyana. Dole kwamfuta ta waiwayi makonnin baya. Kuma haɗarin ba ya hawa daki-daki: wani bincike da aka yi a Yamai, aka wallafa a 2017, ya gano yana ƙaruwa sosai idan zafin gari ya wuce digiri 39.5 a ma'aunin Celsius.

Inda gizo ke saƙar shi ne, a watannin Maris da Afrilu zafi da ƙura da bushewa tare suke zuwa. Sai mu sa lissafin ya kwatanta makonnin da ƙurarsu da laimarsu ɗaya, zafinsu ne kawai ya bambanta. Rigakafi ma sai an saka shi cikin lissafin. Allurar MenAfriVac, ta rigakafin nau'in A na ƙwayar sanƙarau, ta shigo Nijar a 2010, Najeriya a 2011, nau'in A ya kusa ɓacewa, amma a 2017 nau'in C ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato. Wanda ya manta da wannan zai jingina wa yanayi abin da ba aikinsa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne rajistar kanta. Yaron da wuyansa ya sandare cikin dare a ƙauye, ya rasu kafin a samu mota, babu shi a littafin kowa, don haka babu shi a lissafinmu. Duk wanda aka gani da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da sandarewar wuya, a garzaya da shi asibiti nan take.