Filin Tambaya da Amsa: Gwaninmu ya tafi bautar ƙasa, za mu kai labari bana?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Koci. Ni ne kyaftin ɗin ƙungiyar tanis ta maza a wata kwaleji a nan Jos. Bara mu shida muka je gasar makarantu a kudu, aka fitar da mu a zagaye na biyu. Yanzu gwaninmu ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa, saura mu biyar, sai wani sabon shiga bahago da bai taɓa buga gasa ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne a gida muna bugawa lafiya lau, amma da mun sauka kudu sai ƙwallo ta riƙa maƙalewa a raga. Don Allah Baba ka faɗa mana gaskiya, akwai alamar nasara bana?
Ɗanka, daga Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Tunda gaskiya ka nema, kofi dai kada ku sa shi a ka bana. Amma wuce inda kuka tsaya bara, har ku leƙa wasan kusa da na ƙarshe, wannan ina ganin zai yiwu, kuma ba tafiyar gwanin naku ce za ta hana ba.

Bari in fara da zancen raga, don nan ciwon yake. Ba tsoro ba ne, ba kuma asiri aka yi muku ba. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, iskarta ba ta da kauri. Ƙwallo tana ratsa ta da sauri, tana yin nisa, in ta daki ƙasa ta yi tsalle sama. Yaron da ya koyi tanis a nan hannunsa ya saba da tausasa bugu don kada ƙwallo ta wuce layin baya, shi kansa bai san yana yi ba. Ranar da ya sauka Legas ko Fatakwal, inda iska ke da nauyi ga laima, wannan bugun dai sai ya faɗi a tsakiyar fili ko ya ƙare a raga. Har dokokin tanis na duniya sun san da wannan, shi ya sa suka ware ƙwallo ta musamman ga wuraren da suka haura mita 1,219. Ka ga ke nan Jos a bakin iyakar take. Ni ma na sha wannan kunyar ina saurayi, na dawo gida ina zagin raket ɗina, ashe ba ruwanta.

Maganin ba tsada gare shi ba. Kafin tafiya ku sassauta tsirkiyar raket da kamar kilo ɗaya ko biyu, za ta ƙara wa ƙwallo nisa. A wajen atisaye ku ɗaura igiya sama da raga da kamar kamu biyu, ku saba da tsallake ta. Tsayin raga a tsakiya santimita 91 ne da ɗoriya, amma ku ɗauka ta fi haka. In da hali, ko sau ɗaya ku yi karo-karon kuɗin mota ku gangara Abuja, ku buga a filayen tanis na babban filin wasa na Moshood Abiola. Abuja ba ta kai rabin tudun Jos ba, ga zafi, jikinku zai fara jin abin da ke jiransa. Kuma ku isa garin gasa da kwana biyu a hannu. Na san makaranta ba ta cika sakin kuɗi da wuri ba, wannan kukan kowa ne, sai ku fara bin takardarku tun yanzu.

Sai bahagon nan. Ka ambace shi a ƙarshe kamar ragowar tuwo, alhali ni shi na fi sa wa ido. Yawancin 'yan wasan makarantu ba su saba karɓar sabis, wato bugun farawa, daga bahago ba, ƙwallonsa tana karkata ne zuwa bayan hannun mai dama, inda ya fi rauni. Kada ka jefa shi wasan ɗaiɗai tun yanzu, za a cinye shi ya karaya. Haɗa shi da wanda ya fi kowa sanyin kai a cikinku su riƙa buga na bibbiyu, kuma kada ka raba su har a gama kaka. Makarantu da yawa sai ana gobe gasa suke haɗa mutum biyu, su shiga fili suna karo da juna a tsakiya. A nan ake tsintar maki a ɓagas.

Sabis na biyu kuwa, wato wanda ake yi in na farko ya ɓaci, kowa ya buga hamsin kullum kafin ya tafi gida. Ba zan ƙara komai a kai ba.

Game da wanda ya tafi, Allah ya ba shi sa'a. Sau da yawa na ga ƙungiyar da take da tauraro ɗaya ta kwanta a inuwarsa, sauran su zama 'yan rakiya. Ina zargin haka kuka yi bara, in na yi ƙarya ka rubuto. Ka kuma gaya wa yaranka tanis ɗin makaranta ba wasan yara ba ne. Nduka Odizor daga Jami'ar Houston ta Amurka ya fito, ya kai zagaye na huɗu a babbar gasar Wimbledon ta Ingila a 1983. Sadiq Abdullahi, namu na Arewa, ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta 1988 a birnin Seoul. In lokacin gasar Dala ta Kano ya zo, ku je ko kallo ne, ku zauna kusa da fili ku ga yadda manya ke taka ƙafa.

Abu ɗaya da zai iya rusa duk lissafin nan shi ne jarrabawa ta faɗo a makon gasa. Duba jadawalin tun yau.

Tambaya: Baba, ƙanena ɗan shekara 19 yana son shiga ƙungiyar makarantarsu, amma da sanyin safiya a lokacin hunturu gwiwar hannunsa tana ciwo. Ya daina ne?
'Yarka, daga Bukuru.

Amsa: Kada ya daina, 'yata, amma ya huta har ciwon ya lafa. Sanyin Jos na watan Disamba da Janairu ba a shiga masa da jiki ɗanye, sai ya yi gudu na minti goma ya motsa hannu kafin ya taɓa raket. A duba masa mariƙin raket ɗin, wataƙila bai dace da hannunsa ba, kuma ya rabu da matattun ƙwallayen da suka saki iska. In ya yi sati biyu yana hutu ciwon bai tafi ba, ku kai shi asibiti, kada a tsaya ga man zafi.